Cin abinci a waje a Sakkwato: a duba agogo, a duba tukunya

A Sakkwato abinci ba ya jiran mai ci. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, kuma miyar da aka sauke da hantsi tana iya juyawa kafin la'asar idan ba a bar ta kan wuta ba. Saboda haka duk mai cin abinci a waje, ɗan kasuwa ne a Babbar Kasuwa, ko ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko mai jinya a asibitin koyarwa, ko baƙon da ya sauka a tasha don ziyarar Hubbaren Shehu, akwai abu biyu da ya kamata ya iya tun kafin ya haddace sunan kowane gidan abinci: lokacin da ake sauke kowane irin girki, da yadda ake gane wanda ya daɗe da sauka.

Wuraren ci a garin ba iri ɗaya ba ne. Akwai rumfar mai tuwo, mace ɗaya da 'yan aikinta biyu ko uku, benci da tebur a gaba, murhu a baya. Akwai layin masu abinci irin na kasuwa da tasha da cikin makarantu, inda masu sayarwa da yawa ke jere ƙarƙashin rumfa guda: wannan na tuwo, waccan na shinkafa da wake, can ƙarshe mai nama da mai fura, wurin zama kuwa na kowa da kowa. Sai gidajen abinci na zamani da ke kan manyan tituna, masu akwatin gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, inda ake nuna abinci, a biya wurin mai karɓar kuɗi, a karɓi takarda. Layin masu abinci ya fi dacewa da mai ƙaramin kuɗi, da kuma mutanen da suka fito tare amma kowa da abin da ransa ke so, don haka a kansa za a fi tsayawa.

Kowane abinci da sa'arsa

Daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe tara lokacin koko da ƙosai ne, da masa, da shayi da burodi, da ɗumamen tuwon jiya. Waɗannan ba su cika ba da matsala ba, domin a gaban idonka ake soya ƙosai, masa kuma daga tanda take zuwa kwano. Ɗumame ma abinci ne mai kyau, sharaɗinsa dai tuwon da miyar su tafasa sosai da safen, ba a ɗumama su sama-sama ba. In ka tsaga tuwon ka ji cikinsa da sanyi, ka ce a mayar da shi wuta.

Ɗanwake na hantsi ne. Shinkafa da wake, dafa-duka da taliya galibi suna sauka tsakanin sha ɗaya da sha biyu, tuwon rana kuma dab da azahar. Wanda ya zo tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu shi ke samun saman tukunya, nama bai ƙare ba, miya ba ta ƙafe ba. Bayan magariba ana sauke sabon tuwo, masu tsire kuma sun gama kewaye wuta da tsinke.

Tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma ne lokacin hattara. Abincin rana ya yi awa uku ko huɗu da sauka, na dare bai nuna ba, abin da ya rage a kula shi ake ta juyawa. In yunwa ta kama ka a wannan tsakanin, nemi abin da za a yi maka nan take: Indomie da ƙwai wurin mai shayi, awara ko dankalin da ake tsamowa daga mai, ko balangun da ke kan wuta. Ranar Juma'a kuma masu abinci da yawa kan rufe ko su rage aiki daga wajen ƙarfe ɗaya har a sauko daga masallaci, sai a ci da wuri ko a jira.

Dalilin wannan lissafi ba camfi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, kuma bai kamata dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba firiji ba. Hukumomin abinci na Amurka sun rage wannan zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya wuce digiri 32, wanda a Sakkwato shi ne halin yawancin ranakun shekara. Kula tana riƙe zafi, amma duk buɗewa sai ta rage, kuma idan ta kai rabi mai yiwuwa abincin ya riga ya faɗa cikin wancan tsakanin. Shinkafa na cikin abincin da suka fi fuskantar wannan matsala. Akwai wata ƙwayar cuta da ke tare da ɗanyar shinkafa wadda dafuwa ba ta kashe irinta. In shinkafar ta huce ta jima a ajiye, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya lalata gubar. Shi ya sa mutum kan ci shinkafa mai zafi, ba wari ba tsami, bayan awa ɗaya zuwa shida amai ya taso masa. Zafin da ke hannunka bai isa shaida ba, sai ka san yaushe aka dafa.

Minti biyu a tsaye kafin a zauna

Kada ka shiga layi ka zauna kan bencin farko. Taka daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kana gaisawa kana kallo. Abu na farko murhu: tukunyar miya tana kan garwashi tana ɗan motsi, ko an juye ta a roba an ajiye kan tebur? Na biyu murfi, musamman da damina lokacin ƙuda, da hunturu lokacin ƙura. Sai ka leƙa inda ake wanke kwanuka. Mai tsafta tana da baho aƙalla biyu, na sabulu da na ɗauraya, kuma ruwan ɗaurayar ana ganin ƙasansa. In baho ɗaya ne ruwansa ya yi kauri mai yana yawo a kai, kwanon da za a zuba maka daga nan zai fito, komai kyan girkin.

Dubi hannu. Hannun da ke karɓar kuɗi bai kamata ya zama shi ke tsintar nama a miya ko barbaɗa albasa ba. Wurare masu tsari sukan ware yarinya ɗaya ga kuɗi, ko mai zubawa ta yi aiki da cokali da mara kawai. Daga nan dubi masu ci. Inda 'yan kabu-kabu da 'yan dako da direbobin tasha suka yi cincirindo, tukunya na ƙarewa da wuri a ɗora wata, kuma mutane ne masu dawowa kullum, waɗanda ba za su koma inda ya taɓa ɓata musu ciki ba. Rumfar da ba kowa da tsakar rana, kuloli cike, tana ba da labarin kanta.

Ga yadda alamar kirki take a kusa: mai tuwo ta ɗaga murfin kula, tururi ya taso har ta ɗan kau da fuska, ta ɗauko malmala tana sauya ta daga hannu zuwa hannu saboda zafi, ta juya ta ɗebo miya daga tukunyar da ke kan murhu, ludayin na jan yauƙi har bakin kwano. In ka ga haka, zauna.

Yadda ake faɗin abin da ake so

Gaisuwa ce farko, kuma ba ɓata lokaci ba ne, ita ke sa a gaya maka gaskiyar tukunya. Babbar mace Hajiya ce ko Inna, namiji Malam ko Alhaji, dattijo Baba. Misalin yadda ake yi a bakin Sakkwatawa:

"Ina wuni, Hajiya? Ya aiki?"

"Lahiya lau, Malam. Sannu da zuwa."

"Mi anka dahwa yau?"

"Akwai tuwon shinkahwa, akwai na masara. Miya kau, da kuka da guro da sure."

"Wace anka sauke yanzu?"

"Guro, ga ta nan bisa wuta."

"To a ba ni malmala biyu da miyag guro, yanka biyu, tsoka. Nawa na duka?"

Baƙo daga Kano ko Zariya ya lura: guro ita ce kuɓewa, sure kuma yakuwa, hura ita ce fura. Tambayar "wace aka sauke yanzu" ta fi "akwai mai kyau?" amfani nesa ba kusa ba, domin babu mai sayarwar da za ta ce miyarta ba kyau, amma kusan kowace za ta nuna maka sabuwa in ka tambaya da ladabi.

A irin waɗannan wurare ba faranti ake saye ba, ɓangare-ɓangare ake haɗawa. Tuwo da malmala, shinkafa da cokali ko da kuɗi, nama da yanka, ƙwai da ɗai-ɗai, salak da taliya ƙari ne mai kuɗinsa. Babban mutum malmala biyu kan ishe shi, yaro ɗaya. Fara da kaɗan ka nemi ƙari, domin abin da aka zuba ba ya komawa tukunya. Faɗi irin naman da kake so, tsoka ko ƙashi ko ganda ko kayan ciki, in ba haka ba abin da ludayi ya kamo shi ne rabonka. Kuma a ji jimillar kuɗi kafin a sa hannu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin abinci bai tsaya wuri ɗaya ba, kuɗin da ka biya watan jiya ba hujja ba ne yau. Yawancin gardamar da ake yi a gaban mai abinci a kan yanka ɗaya ne da ba a ƙidaya ba tun farko.

Idan ku da yawa ne, ku naɗa mutum ɗaya ya riƙe lissafi. A layin masu abinci tebur na kowa ne, amma kwano da cokali na mai su ne, kuɗi ma kowace da nata. Wanda ya sayi tuwo a nan, nama a can, fura a gaba, sai ya biya wuri uku. Ya fi sauƙi a biya kowace lokacin karɓa, a kuma bar kwanonta inda 'yar aikinta za ta gane shi.

Abin da ake dubawa a kwano

Tuwon shinkafa mai kyau fari ne, mai laushi, yana mulmuluwa a hannu ba ya mannewa, ba tsakuwa ba gudaji. Wanda ya jima yana yin ɓawo a sama, ko in a leda yake ya yi gumi ya yi santsi. Santsi da ɗan warin tsami alama ce ta a bar shi. Tuwon masara da na dawa sun fi jure ajiya, sai dai suna taurarewa in sun huce.

Miya ce ke fallasa mai girki. Miyar kuka in ta daɗe kan wuta takan yi kauri ta yi duhu, gishiri ya fito. Wannan ba lalacewa ba ce, daɗi ne ya ragu. In kuma ta yi tsararo, ƙamshin daddawa ya gudu, an ƙara ruwa ne don ta kai yamma. Gudaji a cikinta na nufin an zuba garin kukar gaba ɗaya ba a kaɗa da maburgi yadda ya kamata ba. Miyar guro da yauƙinta ake gane ƙuruciyarta, in ya tsinke ta sha ɗumame. Taushe ita ce mai saurin juyawa saboda gyaɗa da kabewa: ƙananan kumfa a samanta alhali ba a kan wuta take ba, ko tsamin da ya wuce na ganye, to ta tafi. Miyar sure ta fi wuyar ganewa tunda da tsaminta aka san ta, don haka ita kam kada a karɓe ta sai daga tukunya mai tafasa.

Ɗanwake in ya nuna yakan taso saman ruwa, kuma in ka raba shi launin ciki da na waje ɗaya ne. Fari-fari a tsakiya na nufin an yi gaggawar tsamewa, shi ke kawo kumburin ciki. Ɗaci-ɗaci da santsi mai yawa kuwa kanwa ce ta zarce. Ka ce a sa maka yaji a gefe, domin yajin wani wuri rabinsa gishiri ne da dunƙule, in aka barbaɗa ba ya ciruwa. Haka ma shinkafa da wake da mai da yaji: latsa waken da yatsa, in bai murƙushe ba bai nuna ba. Sansana man kuma. Man gyaɗa ko manja mai kyau yana da ƙamshinsa, wanda aka soya kifi da shi sau da yawa baƙi ne, yana maƙaƙi a maƙogwaro.

Salak shi ne abin da mutane suka fi raina haɗarinsa. Latas da kabeji da tumatir da albasa daga fadama suke zuwa, irin su Kwalkwalawa da sauran bakin gulbin Rima, kuma ba sa ganin wuta kafin su shiga bakinka. Tsaftarsu gaba ɗaya ta rataya kan ruwan da aka wanke su da shi. In ba ka ga alamar ruwa mai kyau a wurin ba, ka ce a bar salak, musamman da damina. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta bazu a jihohi da dama, Sakkwato na cikin waɗanda ta fi shafa, kuma gurɓataccen ruwa da ɗanyen abincin da ya taɓa shi su ne hanyarta.

Wurin mai nama ka zaɓi yankinka da kanka, ka ce a mayar da shi wuta ya yi zafi har ciki kafin a yanka. Tsiren da aka gasa tun jiya yakan bushe a baki, ƙulin jikinsa ya yi warin tsohon mai. Kaza a duba ta wajen ƙashin cinya, in da ja ko ruwan jini a mayar. Kilishi mai kyau busasshe ne, yana karyewa ko yagewa da tsafta. Mai danshi da laushi kamar fata an ajiye shi a leda ya yi gumi, kuma nan fumfuna ke farawa. A roƙi mai nama ya naɗe a farar takarda mai tsabta. Tawadar jarida da ƙurar takardar siminti suna bin mai su shiga nama.

Ruwa, fura da abin sha

Wanke hannu da ruwan buta mai zubowa da sabulu, kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Kwano guda da mutum biyar suka tsoma hannu ba wanki ba ne. Ruwan leda a duba lambar NAFDAC a jikinsa, a ɗauraye kusurwar da za a ciza, domin ledar ta kwana cikin narkakkiyar ƙanƙarar da hannu da yawa suka shiga. Ƙanƙara kanta a bar ta a wajen kofi. Sanyi ba ya kashe ƙwayar taifot ko ta amai da gudawa, kuma ba ka san ruwan da aka daskarar ba.

Fura abincin rana ce ta gaske a wannan ƙasa, kofi babba ɗaya kan tsaya wa mutum har dare. Abu uku ke haɗuwa a ƙwarya: curin furar, nono, da ruwan damu. Curi ya kasance na ranar, mai ƙamshin citta da kanumfari, ba mai yauƙi ba. Kindirmo ya fi aminci tunda ana tafasa madararsa kafin ta kwana, madarar da ba a tafasa ba kuwa tana iya ɗauko cuta daga saniya. Ruwan damu shi ne inda aka fi samun matsala. Hanya mai sauƙi ita ce ka sayi ruwan leda mai sanyi ka miƙa wa mai furar ka ce da shi za a dama, ba wadda za ta ji haushi. Ka faɗi yawan sukari tun kafin a zuba.

Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na cikin robobi sai da sanyinsu. Kunun aya ba ya awanni a zafi. Robar da ta kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe murfi, abin cikinta ya fara tsami.

Gidajen abinci masu gilashi

Tayil da sanyin ɗaki ba su ne tsaftar abinci ba. Tasoshin da ke cikin akwatin gilashi ruwan zafi ne ke ƙarƙashinsu, kuma in wuta ta ɗauke ba a tada janareta da wuri ba, ruwan ya huce, abincin yana nan da kyan gani amma ya koma ɗumi-ɗumi. Dubi gilashin ko da raɓar tururi, dubi gefen shinkafar ko ya bushe ya canza launi. Soyayyiyar shinkafa mai karas da hanta da koren wake ta fi dafa-duka saurin lalacewa, haka salak mai bama da shawarma da aka naɗe aka ajiye. Ka ce a haɗa maka shawarmar a gabanka. A wasu irin waɗannan wurare ana ƙara harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, wasu kuma suna cajin robar zuba abinci daban, don haka a tambaya ko kuɗin da ke jikin allo shi ne na ƙarshe.

Mata da iyali da ke son sirri su tambayi ko akwai ɓangaren iyali. Inda babu, yawanci saye ake yi a tafi da shi gida.

Mai hawan jini ya rage romo da yajin barbaɗe, can gishiri da dunƙule suka fi taruwa. Mai ciwon suga ya rage malmala ya ƙara miyar ganye da nama, ya kuma tuna cewa fura da kunu ma hatsi ne ko ba sukari. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya sani tana cikin tsire da kilishi da taushe da kwaɗo da yawancin yaji, kuma sai ya tambaya da bakinsa, ba a rubutawa.

Zama da biya

In ka zauna kusa da wani, ka yi masa sallama, in abincinka ya iso ka ce masa bismilla. Da dama ake ci, kuma in kwano ɗaya kuka haɗa kowa ya ci gabansa. A kasuwa da tasha za ka ga almajirai tsaye a gefe da robobinsu. In ka san ba za ka cinye ba, ware nasu tun kafin ka sa hannu, a zuba musu da tsabta, ko ka biya a zuba wa yaro nasa daga tukunya. Yara ne, cikinsu ya fi naka saurin kamuwa, ragowar da aka cakuɗa da ƙashi da ruwan hannu ba ta dace da su ba. Da ka gama ka tashi, domin da tsakar rana benci ma jari ne ga mai abinci.

Riƙe canji a aljihu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu abinci da yawa suna karɓar tiransifa, amma a tambaya kafin a ci. In za ka tura, karanta sunan da ya fito a waya mai abincin ta tabbatar nata ne, ka jira saƙon shigar kuɗi ya iso mata. Ba rashin yarda ba ne, an sha nuna musu saƙon bogi. Idan an cire kuɗi a asusunka bai shiga nata ba, kada ka sake turawa nan take. Ajiye shaidar da lambarta, ka cire tsaba wurin mai POS ka biya, ka karɓi lambar wayar wurin don in kuɗin farko ya shiga daga baya a maido maka, in kuma bai shiga ba ka bi bankinka.

In za a tafi da shi

A ƙulla miya daban da tuwo, salak daban da shinkafa mai zafi, domin tururi na dafa latas ya yi yaushi cikin minti kaɗan, kuma ɗanyen abu a jikin ɗumi shi ne abin da ƙwayoyin cuta ke so. Wanda ya saba saye ya riƙa zuwa da ƙaramar kularsa ko kwanon silba mai murfi, ya fi zuba tafasasshiyar miya a siririyar leda. Kada a bar ƙunshin a but ɗin mota ko a rataye jikin babur a rana a shiga wata hidima. Daga sayen zuwa ci kada ya wuce awa ɗaya lokacin bazara. Mai kai wa marar lafiya abinci a asibiti ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan: a saya dab da lokacin ci, a zaɓi abin da ya fito daga wuta kamar farfesu ko tuwo da sabuwar miya, a bar salak da kunun roba.

Da azumi tsarin gaba ɗaya yana juyawa. Yawancin rumfuna a rufe suke da rana, girki na farawa bayan azahar, cunkoso kuma daga bayan la'asar ne. Ƙosai da kunu a saye su cikin rabin awa na ƙarshe kafin shan ruwa. Abincin sahur da aka saya da dare, in ba firiji mai aiki, a tafasa shi sosai kafin a kwanta, a sake tafasawa da asuba, shinkafa kuwa gara a dafa sabuwa.

Idan duk da haka ciki ya ɓaci, abu na farko maye ruwan da jiki ke zubarwa. Ana samun ƙunshin gishiri da sukari na ORS a kemis, ana narka shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, wato daidai ruwan leda biyu, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Gishirin kada ya zarce, yawansa na cutar da yaro. Kada a fara da maganin tsayar da gudawa ko kafso ba tare da an ga ma'aikacin lafiya ba. Gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, idanu da suka faɗa, ko fitsari da ya ɗauke, duk na asibiti ne a wannan sa'ar, balle ga ƙaramin yaro ko tsoho ko mai juna biyu. A tafi da ruwan gishirin da sukari a hannu ana ba shi a hanya.